Ranar da Za a Wanke Kwamfutar Malama

Ƙarfe tara da minti biyar na safiyar Asabar, Injiniya ta durƙusa ƙarƙashin teburin falon Malama, ta kai hannu inda ta bar faifanta jiya, ta damƙo iska. Ta haska da fitilar wayarta, ta leƙa bayan kwamfutar, ta ɗaga shimfiɗar ƙasa. Babu faifai. Kebul ɗinsa, wayar da ke jona shi da kwamfutar, shi kaɗai ne a kan tebur, a naɗe.

Injiniya ba ta taɓa taka ajin injiniyoyi ba. Shagon gyaran kwamfuta gare ta a bakin titi, tsakanin mai walda da mai sayar da taya, kuma shekara goma sha tara ke nan 'yan unguwa suna kiranta da wannan suna har ta gaji da musu. Gajeruwa ce mai saurin hannu da nauyin baki. Ba ta yarda da kowace na'ura ba, kuma ba ta cika yarda da masu na'urar ba.

Kwamfutar tsohuwa ce, ta marigayiya mahaifiyar Malama, wadda ta yi rayuwarta tana buga takardu a ofis. Yanzu ta yi nauyi. In ka kunna ta, sai ka dafa shayi ka shanye kafin ta buɗe ido. Maganinta ɗaya ne, a wanke ta tas a zuba mata sabuwar manhaja, wankin kuwa ba ya barin ko ɗigo. Shi ya sa jiya da yamma Injiniya ta jona mata faifan ajiya, baƙi, girman tafin hannu, ta sa ya kwashe hotuna, da takardun gida, da jarrabawar ɗaliban Malama, da muryoyin marigayiya. Da ta ga aikin zai ɗauki awanni, sai ta bar shi yana yi, ta manna takarda a gefen allo. Ta jera abubuwa bakwai da ta kwashe, a ƙasa kuma ta rubuta da manyan baƙaƙe: GOBE ƘARFE TARA ZA A WANKE. DUK ABIN DA BA YA CIKIN JERIN NAN ZAI TAFI. IDAN FAIFAI BA YA HANNUNA, BA NA WANKEWA.

"Malama," in ji ta, "ko kin ɗauke faifan?"

Malama ta shigo da ledar cefane a hannu. Lissafi take koyarwa a makarantar sakandare, kuma tana da halin masu lissafi, ba ta son abu ya ƙi fitowa daidai. Tana da kirki, sai dai fushinta ya fi tunaninta gudu. Ta kalli teburin, ta ajiye ledar, ta ɗaga murya.

"Iya!"

Iya ta fito daga kicin tana goge hannu da gefen zane. Doguwa ce siririya, ta haura sittin. Ita ce mai aikin gidan.

"Ina baƙin abin da ke jone a nan?"

"Ban ɗauka ba, Malama."

"Ban ce kin ɗauka ba. Cewa na yi yana ina?"

Iya ta sunkuyar da kai.

"Kin gani ko?" Malama ta juya ga Injiniya. "Kusan shekara guda ke nan muna haka. Makullin mota ya ɓace, agogon Baba ya ɓace, rimot ya ɓace, har cokula. Kowa ya nema ya gaji, sai Iya ta shiga ɗaki ta fito da abu a hannu. Yaya aka yi kullum ita ce ta san inda yake? Na yi ta haɗiyewa saboda Mama. Amma yau takardun gidan nan ne a ciki, da fasfo ɗinmu, da muryar uwata." Ta juya ga Iya. "Iya, zuwa ƙarfe goma sha biyu, ko ki fito da shi, ko ki haɗa kayanki."

Iya ta ce, "To, Malama." Ta juya ta nufi ɗakin baya.

Wannan "to" ɗin ya soki Injiniya. Ta san Iya kamar yadda kowa a layin ya san ta. Shekara goma sha huɗu tana gidan. Ita ta yi jinyar marigayiya wata takwas, ita take juya ta, ita ta rufe mata ido. Ba ta da ɗa a raye, ba ta da wani gida da za ta koma. In ta fita da sunan sata a wannan shekarun nata, babu ƙofar da za ta sake buɗe mata.

"Malama, faifan nawa ne," in ji Injiniya. "Ni aka yi wa sata. Ki bar ni in yi tambayoyina."

"Ki yi. Amsar dai ba za ta canja ba."

"Yaushe kika gan shi na ƙarshe?"

"Ƙarfe bakwai. Allon ya nuna an gama kwafi. Na kashe allon, na bar kwamfutar a kunne, na kai yara darasin Asabar, na biya kasuwa."

"Kin dawo yaushe?"

"Yanzun nan, tara saura biyar."

"Wa kika bari a gida?"

"Baba da Iya. Auta ma na san ya zo, shi da ba ya fashin shayin gidan nan."

Injiniya ta ɗauki kebul ɗin ta juya shi a hannu. Dogo ne, kusan kamu huɗu, kuma jiya a yamutse ta bar shi, don ita ba ta taɓa naɗe kebul ba a rayuwarta. Yanzu an naɗe shi kamar lamba takwas, kowane zagaye daidai da ɗan'uwansa, an ɗaure tsakiyar sau uku, an cusa bakin a ƙarƙashi.

"Ke kika naɗe wannan?"

"Ni? Ki dubi cajata a can." Malama ta nuna wata dunƙulalliyar waya a kan kujera.

Injiniya ta ajiye kebul ɗin a hankali. Ɓarawon da zai sayar da faifai ba ya barin kebul, don ba mai saye babu shi. Kuma mai tsoron kada a kama shi ba ya tsayawa yin ado.

Aka kira Auta a waya, ya iso cikin minti ashirin. Ƙanen Malama ne, direban tasi, shekararsa talatin da gemu har ƙirji, amma a gidan nan har gobe Auta ne.

"Ka shiga falo da safe?"

"Na shiga, Anti. Nan nake shan shayi."

"Ka ga faifan?"

"Yana nan yana ƙifta mini ido. Har na ce masa sannu da aiki."

"Ƙarfe nawa ka fita?"

"Bakwai da rabi. Ga shi." Ya miƙa wayarsa. Manhajar tasin ta nuna ya ɗauki fasinja ƙarfe bakwai da minti talatin da huɗu zuwa asibiti, daga can ya ɗauki wani zuwa tasha, bai tsaya ba sai da aka kira shi. Ya kalli yayarsa. "Yaya, wai da gaske Iya kike zargi? Haba. Matar da ta goya 'ya'yanki?"

"Ba da kai nake ba."

Injiniya ta kunna allon. Mutane da yawa ba su san kwamfuta tana da littafinta ba, inda take rubuta lokacin da aka jona mata abu da lokacin da aka cire. Ta buɗe littafin, ta bi layuka da yatsa. An cire faifan ƙarfe takwas saura minti huɗu.

"Auta, kana kan titi a lokacin. Kai ka fita daga zargi. Malama, ke ma kina kasuwa."

"To saura wa?" in ji Malama. "Baba dai tun rasuwar Mama ko kallon kwamfutar nan ba ya yi. Akwatin surutu yake ce mata."

Injiniya ta rufe littafin. Idonta ya koma kan takardar da ta manna. Kusurwarta ɗaya ta ɗan lanƙwashe, kamar an riƙe ta an karanta a tsanake. Ta sake bin jerin nata ɗaya bayan ɗaya, tana tambayar kanta me ta manta. Sai idonta ya sauka a kusurwar allo, kan hoton kwandon shara, inda abin da aka goge yake zama kafin a zubar da shi gaba ɗaya. Shekara goma sha tara tana wanke kwamfutoci, ba ta taɓa sa kwandon shara a jeri ba. Wa zai kwashe shara ya adana?

Ta buɗe shi. Tarkace ne wajen ɗari uku, duk na shekarun baya. Guda ɗaya ne a sama, wata takarda mai suna "aaa". An ƙirƙire ta wata goma sha ɗaya da suka wuce. An yi rubutu na ƙarshe a cikinta yau, takwas saura minti tara. An jefa ta kwando takwas saura minti shida, minti biyu kafin a cire faifan.

Ba ta buɗe takardar ba. Ka'idarta ce, tana gyara akwatin mutane amma ba ta karanta musu wasiƙa.

"Malama, kina zubar da kwandon nan?"

"Ban taɓa ba. Me ya faru?"

"Iya ta iya karatu?"

"Ko sunanta ba ta ganewa. Ni nake karanta mata takardar magani."

Injiniya ta ɗauki jakarta ta fita baranda.

Baba yana kan kujerarsa ta roba, rediyo a cinya, hula a karkace. Tsoho ne kyakkyawa mai manyan hannuwa, kuma a layin nan babu wanda ya kai shi barkwanci.

"Ina kwana, Baba."

"Lafiya lau, 'yata. Zauna mana. 'Yar gidan wa?"

"Mai gyaran kwamfuta ce, Baba. Na zo jiya."

"Na sani mana, gwada ki nake yi." Ya yi dariya. "Ku ne masu likitancin akwatin surutu."

"Baba, ka shiga falo da safen nan?"

"Me zan yi a falo? Nan ne ofishina."

"Wani baƙin abu ya ɓace a falon. Ko ka gani?"

"A gidan nan? Subhanallahi." Ya girgiza kai, kuma Injiniya, wadda ta sha ganin idon maƙaryata a shagonta, ba ta ga ƙarya ko kaɗan a nasa ba. "Ki tambayi Iya. Ita ce ta san inda komai yake, Allah ya yi mata albarka."

Injiniya ta buɗe jakarta kamar mai neman wani abu, ta zaro wani dogon kebul a yamutse, ta ajiye a hannun kujerarsa.

"Wane aiki ka yi da, Baba?"

"Tarho! Shekara talatin da biyu ina hawa falwaya. Duk wayar da ke saman titin nan ta san hannuna. Wata rana iska ta kama ni a sama, abokin aikina yana ƙasa yana salati, ni ina can ina tambayarsa ko ya ga filayata..."

Yana magana, hannunsa ya ɗauki kebul ɗin ba tare da ya kalla ba. Ya warware shi, ya ratsa shi tsakanin babban yatsa da ƙarami, dama da hagu, dama da hagu. Ya zagaye tsakiyar sau uku, ya cusa bakin a ƙarƙashi, ya miƙa mata.

"Ba a barin waya haka, 'yata, karyewa take yi ta ciki." Ya dube ta da fara'a. "'Yar gidan wa kika ce?"

Injiniya ta karɓa da hannu biyu. Ta kama ɓarawonta, kuma ba ta taɓa jin baƙin cikin gane abu irin na yau ba.

Ɗakin Iya ƙarami ne, gado ɗaya da taga ɗaya. Ta shimfiɗa zani a kan gado tana jera kayanta a kai, kuma duk abin da ta tara a shekara goma sha huɗu bai cika zanin ba.

"Iya, kin ga wanda ya ɗauka," in ji Injiniya daga bakin ƙofa.

"Ban ɗauka ba."

"Na sani."

Iya ta ninke wata riga. Ba ta ɗago ba ta ce, "Injiniya, in ba a ga abin ba, ba za a wanke kwamfutar ba ko?"

"Ba za a wanke ba."

Iya ta sauke numfashi, ta ci gaba da ninki.

"To amma Iya, in kin tafi, wa zai kai Baba gaban kwamfutar gobe da safe?"

Hannun Iya ya tsaya cak. Ta zauna a bakin gado, rigar a cinyarta, hawaye suka zubo ba tare da sauti ba.

"Ya sa na yi masa alkawari," in ji ta. "Ranar da muka dawo daga wajen likita, ni da shi. Ya ce, Iya, yarinyar nan ba ta gama kukan uwarta ba, kada ki ɗora mata nawa. Ni me zan yi? Mutumin da bai taɓa ɗaga mini murya ba."

"Ba ki karya alkawari ba. Ni na gano. Taso."

A falo Injiniya ta sa Malama ta zauna, Auta yana tsaye a bakin ƙofa, ta yi bayani a taƙaice kamar yadda take yi wa mai kaya bayanin abin da ya lalace.

"Wanda ya ɗauki faifan ba kuɗi yake so ba, shi ya sa ya bar kebul. So yake kada a yi wankin, kuma takardata ce ta gaya masa yadda zai hana. Wanda ya karanta takardata ya iya karatu, Iya kuwa ba ta iya ba. Ya duba jerin, bai ga abinsa ba, don abinsa yana cikin kwandon shara. Nan yake ɓoye shi, inda ba mai leƙawa. Kullum da safe in kin fita sai ya ciro, ya karanta, ya ƙara rubutu, ya mayar. Hanyar nan ɗaya ya sani, bai san yadda ake kwafi ba. Wannan laifina ne, da na duba kwandon jiya da ba mu kai nan ba. Bayan ya cire faifan, hannunsa ya naɗe kebul irin naɗin masu aikin tarho. Yanzu ya sake yi a gabana." Ta ajiye kebul biyun gefe da gefe a kan tebur.

"Baba?" Malama ta yi dariyar da ba ta kai ciki ba. "To ai sai ya faɗa. Me zai sa ya yi shiru ana korar Iya?"

"Bai san ya ɗauka ba, Malama. Ya manta. Makullin mota da agogo da cokula, shi yake ajiye su inda ba wurinsu ba, Iya tana bin sawunsa tana kwasowa kafin ki lura."

"Baba lafiyarsa ƙalau. Tsufa ne kawai. Jiya ma har yana tsokanar yara da sunayensu."

"Da safe ne ko da yamma?"

Malama ta yi tunani. Da safe ne. Da yamma kowa "'yata" ne ko "ɗana" a wurinsa, kuma ita ta ɗauka salon wasa ne.

"Ki bar Iya ta yi abin da take yi kullum," in ji Injiniya. "Kada ki ce komai."

Iya ta fita baranda, ta dawo riƙe da hannun Baba. Ta zaunar da shi gaban kwamfutar, ta goge tabaransa da gefen mayafinta, ta sa masa.

"Baba, ga aikinka."

Hannun da ya yi shekaru yana riƙe filaya ya kama linzamin kwamfuta, ya tafi kai tsaye kusurwar allo. Ya buɗe kwando, ya ciro takardar, ya buɗe ta. Rubutun manya ne ƙwarai. Baba ya matso da fuska ya fara karantawa a fili, a hankali, da alama haka ya saba.

"Karanta wannan kullum. Kai ka rubuta. Likita ya ce mantuwa ce kuma za ta ƙaru. Kada ka nuna wa Uwata."

Ya tsaya. Uwata shi ne sunan da yake kiran Malama tun tana jaririya. Ya juyo ya gan ta zaune, hannunta a baki. Ya daɗe yana kallonta, kunya da tsoro suna bayyana a fuskarsa.

"In ka ce mu fita, za mu fita, Baba," in ji Injiniya.

Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. "Ai ta riga ta ji. Ku zauna."

Ya ci gaba.

"Gidan nan na Uwata ne, kana zaune da ita. Malamar lissafi ce. Tana da faɗa amma ba ta riƙo. Mai gemu Auta ne, ɗanka ne, tasi yake ja, ka tambaye shi hanya yana jin daɗi. Jikokinka biyu, babbar ba ta son a taɓa mata kai. Matarka ta rasu shekara biyu da suka wuce. Kada ka tambayi inda take, yana sa Uwata kuka. In ka ji kewarta ka tambayi Iya, ita za ta ba ka labari."

Auta ya juya fuskarsa bango. Malama ba ta ma yi ƙoƙarin ɓoye nata kukan ba.

Takardar doguwa ce, shafi goma sha ɗaya na abin da mutum ba ya so ya rasa. Akwai hanyar zuwa shagon aski, da launin ƙofar gida, da sunan maganin safe, da ranar da ya fara ganin matarsa tana buga takarda da yatsu goma ba ta kallon hannunta. Baba ya gangara ƙasa har layin ƙarshe.

"Yau Asabar. Za su wanke kwamfuta, kwandon ma zai tafi. Zan ɗauke baƙin abin in sa a jakar aiki ƙarƙashin gado. Ba sata ba ce. Ka mayar in ka samu dabara."

Auta ya shiga ɗakin Baba ya fito da tsohuwar jakar fata. Faifan yana ciki tsakanin filaya da sukudireba, an nannaɗe shi da hankici mai tsabta.

Baba ya kalli faifan, ya kalli allon. "Ashe ni ne ɓarawon," in ji shi. Ya yi ƙoƙarin dariya, ba ta fito ba.

Malama ta durƙusa gaban kujerarsa ta kifa kai a gwiwarsa. "Baba, me ya sa? Ni ce fa."

"Shi ya sa, Uwata."

Injiniya ba ta iya zama cikin kuka ba tare da aikin yi ba. Ta jona faifan, ta kwafe takardar a ciki, ta sake kwafe ta a filashi biyu, ƙananan ma'ajiyai masu girman yatsa, ta buɗe kowanne ta tabbatar. Ta ɗauki biro ta ƙara layi na takwas a jerinta. Ta gaya wa Baba cewa bayan wanki za ta mayar masa da takardarsa cikin kwandon, a kusurwar da hannunsa ya sani, kuma za ta saita kwamfutar ta riƙa adana kwafi da kanta kowace rana.

Sai a lokacin Malama ta ɗago ta nemi Iya. Tana tsaye a bakin ƙofar kicin, ƙunshin kayanta a ƙafarta, ta riga ta ɗaure shi. Malama ta tashi ta je gabanta, ta durƙusa har ƙasa, abin da ba ta taɓa yi ba.

"Iya, ki yafe mini. Na ci mutuncinki a gaban baƙuwa. Ki yafe mini don Allah."

"Na yafe, Malama. Tashi." Iya ta kalli gefe. "Amma shekara goma sha huɗu. Ko a mafarki ban zaci za ki kalle ni ki ga ɓarauniya ba."

Ba ta kwance ƙunshin ba. Malama ta kama gefen zaninta ta riƙe, ta san gaskiya ce. Injiniya ta ji tsoro ya kama ta, ta ga za a iya samun faifai a rasa Iya.

Daga wajen tebur aka ji ƙarar madannai, ɗaya bayan ɗaya. Baba ne yake rubutu da yatsa guda, yana furta kowace kalma.

"Uwata... ta... sani. Ba ta... yi... fushi... ba."

Ya tsaya, ya waiwayo ta saman tabarau. Idonsa ya sauka kan ƙunshin kayan, ya koma kan fuskar Iya. Ba a san ko ya tuna dalilin ƙunshin ba, amma ya gane abin da ƙunshi a bakin ƙofa yake nufi.

"Iya, gobe in na buɗe zan nemi sunanki," in ji shi. "Me zan rubuta? In rubuta kina nan?"

Iya ta kalli tsohon, ta kalli Malama da ke durƙushe riƙe da zaninta. Ta ja dogon numfashi, ta goge ido da bayan hannu, ta tura ƙunshin cikin kicin da ƙafa.

"Rubuta, Baba."